Amsa: koyar da marasa lafiya da talabijin a kan gadon asibiti

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce an ba ƙaramin asibitin da kike aiki a Agege, Legas, kyautar talabijin shida, kuna so marasa lafiya su riƙa koyon wani abu da su maimakon kallon fim, kina tambayar ta ina za a fara.

Kada ku fara da huda bango. Ku fara da abin da za a nuna, don nan ne aikin ya fi lalacewa. Wanda ke kwance da ciwo, ga ruwa a hannu, ga magani na sa shi gyangyaɗi, ba zai bi laccar rabin awa ba. Kowane bidiyo ya tsaya a minti uku zuwa biyar, magana ɗaya tak a cikinsa. Kuma kowane ɗaki da nasa. Ɗakin masu jego: shayar da nono zalla wata shida, kula da cibiya ba tare da gashi ko shafa toka ba, da rigakafin mako 6, 10 da 14. Ɗakin manya: hawan jini, ciwon suga, shan magani a kan lokaci. Bidiyon shayarwa kada ya bi layi ɗaya da ɗakin maza, mata za su kau da kai, shi ke nan an yi asara.

Misalan su zama na gida. Wajen haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙa wa mai gudawa, a ce "lita ɗaya" ba ya wadatar da uwa. A nuna hannu yana yanka leda biyu ta fiya wata, kowace rabin lita, yana juyewa a kwano mai tsabta, sannan ya zuba ƙunshin ORS ɗaya ya motsa. Wannan ba za ta manta ba. Haka "rage gishiri": in ba a nuna dunƙulen magi da yajin tsire da ƙunshin da ke cikin ledar taliya ba, mai hawan jini zai koma gida ya daina barbaɗa gishiri, amma miyarsa tana nan da magi huɗu. Bidiyon Amurka da ake saukowa daga intanet yana nuna abincin da ba mu ci. A nuna malmalar tuwo, burodin Agege, lemon kwalba.

Harshe kuwa, kin san Legas. A jere ɗaya za ki samu Bahaushiya, Bayarabiya da wadda sai buroka. Ku ɗauki hoto sau ɗaya, ku ɗora murya uku. Kada ku dogara da rubutu a ƙasan allo, da yawa cikin tsofaffinmu ba su karanta boko, wasu kuma idon ya yi rauni. Likita ya saurari kowace fassara kafin ta hau allo, musamman inda akwai awo ko lokacin shan magani. In za ku ɗauki fuskar mara lafiya, sai da amincewarsa a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrinsa.

Sai kayan aiki. Mafi sauƙi shi ne kowane talabijin da filas ɗinsa (ƙaramar ma'ajiyar bidiyo da ake soka masa), bidiyon a tsarin MP4, a kunna maimaitawa. In kuna so duka su nuna abu ɗaya, sai na'urar raba HDMI, wato wayar da ke kai hoto da murya zuwa talabijin, amma wayar HDMI in ta wuce kamar mita 15 hoto yakan fara yankewa, sai an bi ta wayar Cat6 (irin ta haɗa intanet) da na'urar ƙara zango. Duk ana samu a kasuwar Alaba. A sayi ƙarfen maƙalawa mai sunkuyowa, domin na kwance daga ƙasa yake kallo. In allo ya miƙe sambal sai ya yi masa duhu, wuya kuma ta ƙage. Kada ya fuskanci taga.

Wutar lantarki ita ce ke kashe talabijin. Ba ɗaukewar ba, dawowar: lokacin da aka juya daga Nepa zuwa janareto ƙarfin yakan yi tsalle ya ƙona allon wutar ciki. Kowane ya samu na'urar kariya mai jinkirta kunnawa. Ki kuma lura, wuta na dawowa yawancinsu ba su ci gaba da bidiyon da kansu, sai su tsaya shiru har gobe. Dole a rubuta sunan wanda zai sake kunnawa a kowane zubin aiki. Rimot a sa shi a leda, a riƙa goge shi da sifirit, don hannu da yawa ke taɓa shi. Allo kuma a jiƙa ƙyalle kaɗan a goge, kada a fesa masa komai.

Kada a bar shi yana surutu yini guda, kunne zai saba ya daina ji. Sau uku ya isa: bayan zagayen likita, da la'asar, da lokacin ziyara. Na ziyarar ya fi muhimmanci, domin mai jinya ce za ta dafa abinci ta ba da magani a gida. A kashe lokacin salla da dare, kuma kada a kai shi kusa da wanda jikinsa ya yi tsanani ko wanda ya fito daga tiyata bai gama farfaɗowa ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne abin da zai biyo bayan kallon. Nas ta je bakin gado, amma kada ta ce "Mama kin gane?" Kunya za ta sa ta ce e. Ta miƙa mata kwano da ƙunshin ORS ta ce, "Mama nuna min yadda za ki haɗa in kin koma gida." In ta kuskure a gyara nan take, a rubuta a fayil ɗinta. In mutum biyar suka kuskure a wuri ɗaya, laifin bidiyon ne, a sake ɗaukarsa. Ku gwada a ɗakin masu jego kaɗai na wata guda kafin ku maƙala sauran biyar.