Digiri 88 ko 68: Wace Manhaja Ce Ke Faɗin Gaskiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna a nan Agege. Watan jiya na shiga Computer Village na harhaɗo kwamfutar tebur ta hannu mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 7 1700X. Wani abokina ya nuna mini yadda ake shiga BIOS, wato shafin saiti da ke zuwa kafin Windows ta tashi, a ƙara mata gudu, na kai ta 3.9 GHz a kan wuta volt 1.35. Aiki kam ya yi sauri. Amma idan na sa ta fitar da bidiyo, wata manhaja ta ce zafi ya kai 88, wata ta ce 68, wadda ta zo da madabod (babban allon da ake jona komai a kansa) ta ce 56, akwai ma wani layi da ke tsaye a kan 127 ko ana aiki ko ba a yi. Wanne zan kama? Tarin shekara guda ne a cikin akwatin nan, ba na so in wayi gari ta ƙone.

Mai karatu daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, 68 ɗin nan ita ce taka. Sauran ma ba ƙarya suka yi maka ba, kowa wurin da ya sa hannu ne ya faɗa maka.

Bari in fara da 88, tunda ita ce ta hana ka barci. Ka san yadda mutumin Agege mai aiki a Obalende yake tura agogonsa gaba da minti ashirin don kada cunkoson safe ya ritsa da shi? Haka kamfanin AMD ya yi wa furosesarka. Da suka fitar da Ryzen na farko a watan Maris 2017, sun ƙara digiri 20 da gangan a kan abin da 1700X da 1800X ke faɗa, kuma su da kansu suka sanar. Dalilinsu shi ne duk Ryzen su bi tsarin fanka iri ɗaya, sakamakon haka fankar taka takan tashi da wuri, kafin zafin gaske ya iso. Wannan lamba da aka tura gaba ita ake kira Tctl. Zafin ainihin silikon da ke cikin furosesa kuwa sunansa Tdie. Cire 20 daga 88, ga 68 ɗinka. Manhaja ta farko Tctl take karantawa yadda ta same ta, ta biyu kuma ta riga ta yi maka lissafin. Ryzen 7 1700, marar X, ba shi da wannan ƙari. 2700X da ya biyo baya a 2018 nasa 10 ne. Na ga mutane sun zo teburina a titin Otigba da ke Computer Village da sabon hitsink (ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa) mai tsada a leda, sun saye shi ne don korar digiri ashirin da babu su tun farko.

Ita kuma 56 daga madabod ta fito, wani ma'auni ne da ke kusa da gurbin da furosesa ke zaune. Kamar ka taɓa gefen tukunya ne ka ce ka ji zafin gindinta. Yana jan ƙafa wajen hawa, yana jan ƙafa wajen sauka, mai ƙara gudu ba ya dogara da shi. 127 kuwa ka manta da ita ɗungum. Guntun da ke tattara ma'aunai a kan madabod yana da ƙafafun da ba a jona komai a kansu ba, manhaja sai ta karanta su ta kawo maka 127, wani lokaci ma ƙasa da sifili da nisa. Duk lambar da ba ta motsi ko kwamfuta na gumi ko tana hutu, ba ma'auni ba ce.

Yadda nake yi idan aka kawo mini irin taka shi ne in rufe duk waɗancan manhajoji in bar ɗaya. Idan biyu ko uku suna tambayar ma'auni ɗaya a lokaci guda, sukan yi karo, lamba ta yi tsalle ko ta daskare. Ni manhajar HWiNFO nake bari, don yana jera Tctl da Tdie kowanne a layinsa, ba sai na yi wa kowa gardama ba. Kada ka zuba wa lambar yanzu ido, tana hawa tana sauka duk daƙiƙa. Ka share tsofaffin lambobin, ka ɗora mata aiki, sannan ka duba gidan mafi girma da gidan matsakaici. Manhajar ɗora wa furosesa aiki mai suna Cinebench, ta minti goma, ta isa gwajin farko. Prime95, shi ma na gwaji ne, idan ka zaɓi Small FFTs a cikinsa, zai gasa ta fiye da duk wani bidiyon biki da za ka taɓa haɗawa, don haka kada gabanka ya faɗi idan ka ga ya zarce. Amma a wurina gwajin da ya fi ma'ana a gare ka shi ne bidiyon da ya fi kowanne tsawo a cikin aikinka, ka bar ta da shi rabin awa. A can ƙasa a cikin HWiNFO kuma akwai layin da ke nuna ko furosesa ta rage wa kanta gudu saboda zafi. Muddin yana cewa a'a, ba ta kai bango ba.

Lambar da kake gani a cikin BIOS ma ba ta hutu ba ce. A can babu dabarun rage wuta da Windows ke amfani da su, shi ya sa takan ɗara ta zaman banza.

Ga inda Legas ta shigo cikin maganar, kuma nan ne samarinmu suka fi ruɗewa. Suna kallon Turawa a YouTube suna nuna 58 da irin wannan furosesa, su ga tasu 68, su ce an cuce su a kasuwa. Baturen nan ɗakinsa yana wajen digiri 22. Shagonka a Agege da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, rufin kwano a sama, janareta na huci a bakin ƙofa, zai kai 32 ko ya wuce. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, kusan shi furosesa za ta ƙara. Nemi ɗan ma'aunin zafi na bango ka rataye kusa da inda akwatin ke shaƙar iska. Cire zafin ɗaki daga Tdie: 68 a cire 32 saura 36, na Baturen 58 a cire 22 shi ma 36. Kunnen doki ke nan. Saboda haka kada ka yi gwaji da asuba bayan ruwa ya sauka ka ce ka gama. Yi shi a lokacin da ka fi jin jiki.

Shawarata a kan 1700X, ra'ayina ne na mai gyara: ka riƙe Tdie ƙasa da 75 a rana mafi zafi, kuma kada kwaɗayin 4.0 GHz ya sa ka haura da wuta. Zafi yana bin wuta ne ninki, ba taki ɗaya ba. Daga 1.35 zuwa 1.40 kaɗai, abin da take ci zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, tun ba a lissafa ƙarin gudun ba, alhali ribar da za ka samu a bidiyon awa guda ba ta kai lokacin shan shayi ba. Ni da tawa ce, gwadawa zan yi ko za ta tsaya daram a 1.325. Sannan tunda ta hannu ce, ban yarda da man da ke tsakanin furosesa da hitsink ba sai na gani da idona. Goge tsohon, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Idan hunturu ya shigo da ƙurarsa, buɗe akwatin duk wata ka hure.

TAMBAYA: Malam, tsohuwar furosesar AMD FX-8350 gare ni. Tana nuna digiri 14 idan ba na komai, ni kuwa ko esi ba ni da shi. Sanyin daga ina?

Mai karatu daga Idi-Araba

AMSA: Ɗan'uwa, da gaskiya ne da mun sa mata lemo ya yi sanyi. Abin da iska ke sanyayawa ba ya sauka ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki. Ma'aunin FX ba a yi shi don lokacin hutu ba, sai ta ɗauki zafi sosai lissafinsa ke kusantar daidai. Sa manhajar AMD OverDrive, ita tazara take nunawa: digiri nawa suka rage kafin ta kai iyaka. Lambar tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, sifili ne bango.

Masu Intel ma kusan haka abin yake, ba su dai sani ba ne. Tun zamanin Core 2 a 2006, furosesar Intel tazara take faɗa daga iyakarta da ake kira TjMax, wadda a na tebur da yawa 100 ce, manhaja ce ke yin ragi ta kawo maka digiri. A wancan zamani manhajoji cinkar iyakar suke yi, shi ya sa manhajojin Core Temp da RealTemp kan saɓa a kan kwamfuta ɗaya, muna ta musu a layinmu har a kira la'asar. Ɗora wa FX ɗinka aiki na minti ashirin da tsakar rana, ka rubuto mini tazarar da ta rage da kuma zafin ɗakin.