Shafin Bakanike: Notin Layin Mai Na Yoyo, In Ƙara Ɗaurewa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da Marsandi 240D ƙirar 1981 da na gada wurin mahaifina. Ta daɗe a ajiye a gindin darbejiya, sai bana na sa aka sauke injin aka yi masa aiki. Injin ya tashi, amma gas na naso a kan filta da kuma wuyan nozul guda (abin da ke fesa gas cikin injin). Yaron da ke mini aiki ya zura bututu a sufana don ya ƙara ƙarfi, sai notin filta ya karye. Mun sayo wani, yoyon bai daina ba. Kuma da safe sai batir ya kusa sauka kafin ta tashi. Mene ne ƙa'idar ɗaure waɗannan notuna? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, ƙanena, ka karɓe bututun nan daga hannun yaron. Wurin notin taya yake da amfani, ba a layin mai ba.

Notin da ya karye ba irin sauran notunan mota ba ne. Ɗauko guntun ka duba: cikinsa rami ne, kuma an huda shi ta gefe don mai ya bi ta ciki. Ƙarfen da ya rage a wuyansa kaɗan ne, ga shi yana shiga cikin kan filta na alminiyam, wanda haƙoransa ba su da juriya. Ku gode Allah da notin ne ya karye. Da haƙoran alminiyam ɗin ne suka cinye, da yanzu kana yawo a Panteka kana neman kan filta.

Abin da ke tare mai a wurin ba ƙarfin ɗauri ba ne, wasa ne, wato siririn faifai mai rami a tsakiya, guda biyu na jan ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasan zoben bututun. Jan ƙarfe sabo yana da taushi, in aka matse shi sai ya lotsa ya cike duk wani ƙarci. Amma da an matse shi sau ɗaya ya taurare, kamar tuwon da ya kwana, ba ya sake karɓar malmala. Ina kyautata zaton kun sayo sabon noti kun mayar da tsofaffin wasa, don haka ake yi a yawancin garejinmu. Ka nemi sababbi daidai girman notin. In sun gagara, a riƙe tsofaffin da filaya a gasa su har su yi ja, a tsoma a ruwa, a goge su da samfefa mai laushi a kan gilashi. Wannan dabara ta jan ƙarfe ce kawai. Wasan alminiyam in ya yi aiki sau ɗaya, sai bola.

Wajen ɗauri, a fara da yatsu har notin ya zauna. In ya cije tun zagaye na biyu, ya hau karkace, a warware a sake. Bayan ya zauna, ni ƙaramar sufana nake sawa in ƙara kusan kwatan zagaye. Za ka ji wasan yana lotsawa a hannunka, sannan ya tsaya. Nan ake dakatawa.

Wuyan nozul kuwa labarinsa daban. Babu wasa a wurin. Bakin bututun ƙarfen yana da ɗan tudu mai tsini da ke zama cikin kwarmin nozul, ƙarfe kan ƙarfe. Notin na sufana 17 ne, kuma ma'aunin ƙarfin ɗaurinsa Nm 25, wato ɗan abin da tsintsiyar hannu za ta iya ba tare da an sa kafaɗa ba. A sa sufana mai zobe da aka tsaga bakinta, don sufanar baki tana cinye kusurwar noti. A kama bututun da hannu ta ɓangaren famfon da ke tura gas zuwa nozul da ta ɓangaren nozul duka kafin a ɗaure ko ɗaya, in ba haka ba zai zauna a karkace. Kada a naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa; ba ta haƙora mai ke fita ba, kuma guntun tef in ya shiga nozul ya toshe shi. Idan an yi duk wannan yana naso, kwance ka duba tsinin. In ya yi zobe ko ya tsage saboda ɗaurin baya, bututun ya gama aiki. Sannan ƙananan maƙalan da ke haɗa bututan huɗu, waɗanda yara ke jefarwa a kwali wai ba su da amfani, a mayar da su. Su ke hana girgizar injin tsaga bututu.

Hattara: gas ɗin da ke cikin waɗannan bututai yana da matsi fiye da bar 100 (bar ma'aunin matsi ne), yana iya huda fata. Kada kowa ya shafa da yatsa injin na aiki. A kara kwali a gani.

Batun wahalar tashi da safe, ina zargin iska. Layin da ya taso daga tanki zuwa ƙaramin famfo tsotsa yake yi, don haka in akwai kafa ba lallai ka ga ɗigo ba, iska yake zuƙa cikin dare mai ya koma baya. Duba tiyon roba, motar da ta yi irin wannan zama tiyonta duk sun bushe. Duba kuma famfon hannu na gefen injin. Tsohon samfuri mai farin kai da ake warwarewa ya shahara da yoyo, gara a sauya shi da baƙin nan na Bosch da ake dannawa kawai. Bayan kun gama, a wanke wurin, a bushe shi, a bar injin ya yi zafi, a sake kara kwali. In ta ci gaba da gardama da safe, sai a gwada hita huɗun da ke ɗumama cikin injin kafin a tayar da shi, ɗaya bayan ɗaya.