Hoton kaya da hoton gida: laifin waya ne ko na mai riƙe da ita?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan ɗaukar hoto suka zo, daga 'yan kasuwa da masu harkar gidaje. Na tsamo guda uku.

Wata Hajiya mai sayar da shadda da leshi a Kantin Kwari ta ce: "Ina ɗaukar kayana da waya in tura wa masu saye ta WhatsApp. Shuɗiyar shadda sai ta fito ruwan toka, ja ya koma ruwan goro. Mutum ya zo ya ce ba ita ya gani ba. Waya zan canja?"

Hajiya, ki bar kuɗinki a jaka tukuna. Fitilar shagonki ce ke yi miki wannan aikin. Kyamarar waya tana fara lalubo abin da take zaton fari ne a wurin, sannan ta auna sauran launuka da shi. To ga ƙwan fitila a sama, ga hasken rana na shigowa ta ƙofa, kowanne da nasa launin, sai ta rasa wanda za ta bi.

Ki fito da kayan bakin ƙofa, cikin inuwa, inda akwai haske amma rana ba ta dukan su. Ki kashe filashi gaba ɗaya, domin shadda tana da ƙyalli, filashi kuwa yakan wanke zanenta ya bar farin tabo a tsakiya. Ki shimfiɗa ta a kan farin kwali, hasken ya zo mata ta gefe, a nan ne zanen saƙar ke tashi. Sai ki taɓa jikin kayan a fuskar wayar, ki ɗan rage hasken har launin ya yi daidai da wanda ke hannunki. Ki ɗauki ɗaya daga nesa, ɗaya kuma kusa sosai, yadda mai saye zai ga zare. Kafin duk wannan, ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi. A lokacin hunturu ƙura da man shafawa suna haɗuwa a kansa, hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi.

Abin da nake roƙonki shi ne ki guji manhajojin ƙara wa hoto launi. Mai saye yana Gombe ko Maraɗi, hoton nan shi ne idonsa. In kika ƙawata launi fiye da yadda yake, kin sayar masa da abin da ba ki da shi. Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto. Tun 2023 akwai alamar HD a sama kafin a tura, ki riƙa danna ta don a rage matsewar.

Wani dillalin gidaje daga Kaduna ya ce: "Duk benen da na ɗauka sai ya fito kamar zai faɗi ta baya, sama a tsuke, ƙasa da faɗi."

Malam, kana tsayawa a gindin ginin ne ka ɗaga wayar sama. Da zarar ka karkata ta, layukan bango za su nufi haɗewa. Ka ja da baya, ko da tsallaka titi ne, ka riƙe wayar a miƙe tsaf kamar bangon kansa. Ka kunna layukan raga a saitin kyamara, ka daidaita kusurwar ginin da ɗaya daga cikinsu. In ginin ya yi ƙanƙanta a hoton, ka yi amfani da maɓallin jawo hoto na 2x ko 3x, matuƙar wayarka na da kyamara ta musamman don hakan. Jawo hoto da yatsu biyu yanke shi kawai yake yi, ingancin ya zube. Wanda ka riga ka ɗauka a karkace, manhajar Snapseed kyauta ce, tana da wurin da aka rubuta Perspective, yana miƙar da bango.

Lokaci ma yana da nasa rabon. Gidan da ke kallon gabas, ka je masa da hantsi. Mai kallon yamma, bayan la'asar. Da tsakar rana inuwar rufi kan faɗo baƙi ƙirin a kan tagogi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tsofaffin gidajen birnin Zariya masu zane a bango da yammaci ya san abin da nake nufi: rana ta gefe ce ke fito da kowane tudu da kwari na zanen, da azahar kuwa bangon shafe yake. Ni dai lokacin da na fi so shi ne 'yan mintunan da ke bin faɗuwar rana, a kunna fitilun gidan, sama na da sauran shuɗi. Sai dai hannu ba ya iya riƙe waya ƙam a wannan hasken, dole ka kafa ta a kan wani abu.

A cikin ɗaki, ka tsaya a kusurwa, wayar daidai ƙirjinka, ka buɗe labule, ka kunna HDR, saitin da ke daidaita haske da duhu, don kada taga ta zama farin fili. Ka kwashe buta da takalma da wayar caji. Ka yi hattara da 0.5x, kyamarar da ke ɗauko wuri da faɗi: tana sa ƙaramin ɗaki ya zama falo, mai haya ya zo ya ga ba haka ba.

Wani matashi mai sayar da takalma ya ce: "In sayi waya mai megafiksel 108?"

Ɗan'uwa, megafiksel ɗaya ɗigon hoto miliyan ɗaya ne, amma akasarin irin waɗannan wayoyin suna haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, su ba ka hoton megafiksel 12, sai in kai ka shiga saiti ka canja. Da ni ne, ƙaramar ƙafar kafa waya mai ƙafa uku zan saya da farin kwali biyu, ɗaya a ƙarƙashin takalmin, ɗaya a tsaye a ɓangaren da ke da duhu don ya mayar da haske. Ka sa wayar ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, don kada taɓawar yatsanka ta girgiza ta.