Me Ya Sa Burodina Na Tsami Ba Ya Tashi?

Tambaya: Na fara gasa burodi a gida da kwaɓin tsami maimakon yis na kanti, amma kullum yana fitowa da nauyi, ga tsami mai yawa. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, mafi yawan lokuta matsalar tana ga uwar kwaɓin, wato haɗin tsamin da ake zubawa a kwaɓi don ya tashi. Fulawa da ruwa ne kawai ake haɗawa a ajiye, har ƙwayoyin yis da bakteriya da ke cikin fulawar su hayayyafa; yis ne ke fitar da iskar da ke kumbura burodi, bakteriya kuma su ke kawo tsamin. Sabon haɗi yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya yi ƙarfi, kuma sai ana zubar da wani kaso kullum, ana ƙara masa fulawa da ruwa daidai wa daida a kan sikeli. Kada ki yi amfani da shi sai ya ninka girmansa, ya cika da kumfa, domin idan ya tashi har ya sake faɗawa, yis ya yi rauni, tsami ya rinjaya.

A ganina, sikeli ya fi gwangwanin awo amfani a nan: ga fulawa giram 500, ki sa ruwa kamar giram 350, gishiri giram 10, uwar kwaɓi giram 100. Zafi yana gaggauta tashin, saboda haka ki lura da kwaɓin, ba agogo ba. Ki gasa a digiri 230 na Salshiyas cikin tukunyar ƙarfe mai murfi, ki buɗe bayan minti 20 don ɓawon ya yi ja, sannan ki bari ya huce kafin ki yanka.