Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan naman sa a tukunyar lantarki

Wayyo 'yar uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta. Kin ce kina fita aiki tun bakwai sai bayan la'asar, an kawo miki tukunyar lantarkin nan mai dahuwa a hankali, me za ki zuba na naman sa ki dawo ki tarar ya nuna. To ni da maganar wuta zan fara miki, don ita ta kunyata ni.

Wata Alhamis ce cikin zafin Afrilu, Hajiyar maigidana za ta zo da ƙanwarta, da kaina na je abbatuwa ranar Laraba na sayo bindi kilo 2, na tashi tun asuba na haɗa komai na kunna na fita. Ashe ko Zoo Road ban kai ba aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai wajen uku. Na shigo suna zaune a falo, na wuce kicin da murnata, ina ɗaga murfi wani tsami ya bugi hancina, saman romon duk kumfa, naman ya yi wani fari-fari. Ƙanwar Hajiya ta biyo ni ta leƙa tukunyar ta ce "dama inji yana girki? Matan yanzu ofis ya fi musu gidan miji." A gaban 'ya'yana fa. Matar da lokacin da aka kwantar da ita ni nake kai mata abinci asibiti safe da dare, kullum sai na biya kafin in wuce aiki. Taliya da manja na dafa musu ina share hawaye, Hajiya ba ta ce uffan ba, kuma wallahi shirun ya fi min ciwo. Har yau in muka haɗu a biki gaisuwa ce kawai.

Don haka in ba ku da sola ko inbata kar ki bar tukunyar a kunne ki fita, ki bari sai ranar da kina gida. Ba ta cin wuta sosai, wajen wat 200 ne, ƙaramin inbata ma yana ɗauka. In kuma kin dawo kin tarar wuta ta ɗauke ba ki san tun yaushe ba, ki zubar, kar ki ce tafasawa za ta gyara, lafiyar yara ta fi kuɗin nama. Ki duba ƙasanta ma, in 'yar Amurka ce wuta mai ƙarfin bolt 110 take ci, tamu 220 ce zuwa sama, kina jonawa ba taransifoma ta ƙone.

Nama kuma kar ki ɓata kuɗi kan tsoka zalla, bushewa take. Ki ce wa mahauci ƙwauri ko ƙirji ko bindi, mai jijiya, shi ne yake narkewa romo ya yi kauri. In kin sa maɓallin tukunyar a lo (ƙaramin zafi) awa 8, a hai (babban zafi) awa 4 zuwa 5. Farfesu ya fi komai sauƙi, albasa, attaruhu, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari kaɗan, daddawa, ruwa kofi ɗaya ya isa don ba ya ƙonewa kamar a kan gas, naman ma zai fitar da nasa. In da dankalin Turawa da karas su ne a ƙasa, nama a sama. Miyar dage-dage kuwa ki soya kayan miyanki tun dare su tsotse, in kika zuba su ɗanye ruwa za ki tarar tsululu. Kar ki sa nama da ƙanƙararsa, kar ki cika ta har baki, kuma ki hana yara buɗe murfin, duk buɗewa sai ta ja miki kamar minti 20.

Kuma don Allah kar ki fara gwaji ranar baƙi. Ni yanzu in dangin miji za su zo hutu nake ɗauka in tsaya a kan tukunyata, in sha Allahu babu mai sake leƙa min kicin ya faɗa min magana. Ki gwada farfesun ranar Asabar da rabin kilo ki faɗa mana yadda ya yi.