Ga ɗan uwan da ya ce ko muna cin tuwo a Sudan

Ɗan uwa na ga tambayarka, wai ko har yanzu muna cin tuwo ko mun zama Larabawa, wallahi dariya na fara yi kafin abin ya ɗan sosa min rai. Ni a wani ƙauye aka haife ni a yankin Sinnar na Sudan, kusa da Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma namu kakan ba da su ya zo ba, hajji ya fito a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, guzuri ya ƙare ya tsaya cirar auduga a Jazira, shikenan zama ya kama shi.

Dawa muke nomawa da riɗi da gyaɗa, to me kake so mu ci in ba tuwo ba? Su Larabawan nan asida suke ce masa, busasshiyar kuɓewa kuma weka. Kisra ce dai muka koya a wajensu, ƙullun dawa mai tsami ana shafa shi siriri a kan kasko, kuma kakarmu, haboba muke ce mata, har Allah ya yi mata rasuwa ba ta yarda abinci ba ne, cewa take wannan ai takarda ce. Babu ɗorawa a ƙauyenmu sai take yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa, ranar da ta buɗe tukunya maƙwabta suna toshe hanci, da yamma kuma a aiko yaro da ɗan kwano. Ka je kowace kasuwa ka tambaya su waye masu gasa agashe, tsirenmu ne fa da ƙuli-ƙulinsa.

Maganar aure kuwa da ka ce mun narke a cikinsu, ina! Yawanci junanmu muke aure. Yayana ya nemi 'yar wani maƙwabcinmu, gonarmu da tasu kunya ɗaya ce ta raba, uban ya ce Fallata, wato mu 'yan asalin Afirka ta Yamma, ba ya ba su, alhali shekara ashirin matarsa wajen innarmu take sayen faifai da tabarmar kaba.

Nan a ce mana Fallata, da na je Kano kuma na ce tamam a kasuwar Kurmi sai mai shago ya kira abokinsa wai zo ka ji Hausar ɗan Sudan, ya kuma ƙara min kuɗin hula.