Idan ka sauka a Accra, ga yadda muke yawo a trotro

Assalamu alaikum ƙanena. Ka tambaya ko Hausa kaɗai za ta ishe ka yawo a Accra, babban birnin Ghana, kuma ka ji an ce mai masaukinka ba zai ba ka mota da direba ba, har abin ya ɗan sosa maka rai. Bari in fara da na biyun, don shi ne ya fi damuna.

Ba raini ba ne. A zangunanmu baƙo ba ya fita shi kaɗai ranar farko. Mai gida zai haɗa ka da wani saurayi na gidan, ya kai ka bakin titi, ya shiga trotro tare da kai, ya biya kuɗin motar, ya nuna maka inda ake sauka da inda ake canja mota. Haka kakanninmu suka karɓi fataken goro da na shanu, haka muke yi har gobe. A wurinmu wanda aka koya wa hanya an karrama shi fiye da wanda aka ɗauka a mota aka sauke, domin na farkon zai iya zuwa gaisuwa da jana'iza da kasuwa ba tare da ya jira kowa ba. Kuma Accra gari ne mai cunkoso, motar gida ma a layi ɗaya take tsayawa da ta haya.

Trotro ƙaramar bas ce, direba na tuƙi, yaron mota na bakin ƙofa yana kiran unguwanni yana karɓar kuɗi. Galibinsu ba lamba, ba taswira a jikinsu. Kunnenka da idonka su ne jagora. In ka ga yaron mota ya sunkuyar da ɗan yatsa yana juya shi, Circle za shi, wato shataletalen Kwame Nkrumah, wanda shi ne babbar mahaɗar garin. Ka haddace tashoshi kaɗan ka huta: Circle, Kaneshie, 37 kusa da asibitin soja, Madina, da tashar Tema a tsakiyar gari kusa da kasuwar Makola. Daga Circle ko 37 ana samun motar Nima da Mamobi. Sabon Zango yana wajen Abossey Okai, inda ake sayar da kayan gyaran mota. Fadama, inda babban limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu yake zaune, tana ɓangaren Lapaz. Idan Juma'a ce, ka nemi babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Daga Nima da ƙafa ma ana zuwa.

Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, amma za ka sami wurin zama mai kyau. Ta bakin hanya ta fi sauri, sai dai ka tabbatar da inda za ta kafin ka sa ƙafa. Kuɗin mota ba a cinikinsa, ƙungiyar direbobi ce ke tsayar da shi gwargwadon nisa, don haka kada ka zo da halin A Daidaita Sahu ka ce sai an rage maka. Ka riƙe ƙananan sidi, wato kuɗin Ghana. In ka ba da babbar takarda yaron mota ya yi shiru, ba cinyewa ya yi ba, canji yake haɗawa, ka tuna masa a hankali kafin ka sauka. Wani tsoho ko wata mai talla za su iya faɗa maka farashi da dubbai, kada ka firgita, lissafin tsohon kuɗi ne na kafin 2007, lokacin da aka cire sifili huɗu daga sidi.

Yanzu maganar harshe. A Nima da Mamobi da Sabon Zango da zangon Madina, Hausa za ta kai ka ko'ina. Dagomba da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli duk da ita muke magana, ko da za ka ji ta bambanta da taku ta Kano. Amma cikin trotro Tuwi da Ga da Turanci ne suka fi yawa. Ka koyi gaisuwa, ka iya faɗin sunan inda za ka, ka ce “bas stop” da ƙarfi idan an kusa. In ka rikice, ka duba mai sayar da koko da ƙosai ko mai tsire a bakin tasha, da wuya ka yi masa sallama bai amsa maka da Hausa ba.

Abin da nake roƙonka shi ne ka kiyaye mana suna. Mu tsiraru ne a garin nan, ƙasar mutanen Ga ce, kuma an daɗe ana yi wa ɗan zango kallon mai zafin kai. Iyayenmu sun sha wahala kafin su wanke wannan. Shi ya sa yaron zango na kirki, in ya shiga mota, yakan gaida wanda ya tarar, ya miƙa kuɗin na baya zuwa gaba, ya sauka ya ba na ciki hanya ba tare da ɓata fuska ba. Kada ka miƙa kuɗi da hagu, su ma suna ƙin haka ƙwarai. In dole ta sa, ka ba da haƙuri. Za a zaunar da kai kusa da mace, babu wurin maza daban, ka tattara jikinka ka yi zamanka. Wani lokaci mai wa'azin Kirista zai miƙe ya yi ta yi har ku isa. Ba ma tanka masa, ba ma yi masa tsaki. Shi ma yana jin kiran sallarmu da asuba bai ce komai ba, kuma wannan zaman lafiyar ya fi mana komai tsada.

Tasi iri biyu ce: ta haɗaka mai bin hanya ɗaya, da ta shata wadda sai kun daidaita kafin ka shiga. Da dare ko da kaya masu nauyi ka kira Bolt ko Uber ta waya. Babur kuwa ban ba ka shawara ba.

Ka guji safiya da yamma in ba dole, musamman hanyar Madina da ta Kasoa. Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima, titin yakan toshe. In kuma zuwanka ya faɗo a Mayu ko Yuni, hadari ya haɗu, kada ka tsaya a Circle. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai sun kashe mutum fiye da 150 a wurin, da yawansu masu fakewa ne suna jiran mota. Ka koma masauki da wuri, ko ka zauna inda kake har ruwan ya janye.

Ka sanar da mai masaukinka ranar da za ka taso da kuma ko ta jirgi ne ko ta Aflao, garin kan iyakar Ghana da Togo, don a san tashar da za a tura yaro ya tarye ka. Allah ya kawo ka lafiya. A gaida mutanen gida.